Yadda Za Ka Zaɓi Fitilar Keke Mai Haska Maka Hanya Ba Tare Da Kashe Wa Mutane Ido Ba

Tun da na canza fitilar kekena bara da hunturu ban huta da tambaya ba. Abokan aiki, ɗaliban da ke zuwa Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram a keke, har wani bawan Allah mai rarraba burodi da asuba, kowa tambayarsa ɗaya ce: wacce zan saya, kuma lumen nawa? Amsar da nake ba kowa ita ce lambar lumen da ke jikin kwali, wato ma'aunin yawan hasken fitila, ba ita ce kan magana ba. Inda hasken ke sauka shi ne magana.

Ni ma sai da na sha kunya kafin na gane haka. Da farko cocila ce mai ƙarfi na ɗaure da roba a kan keke, tana kallon gaba sak. Wani dare bayan isha'i, a wani lungu cikin Birni, wani dattijo ya fito daga masallaci, hasken ya dalle shi, ya kare fuska da hannu, ya ja gefe har ƙafarsa ɗaya ta zurma cikin kwata. Na sauka jiki na rawa na ce, "Baba, a gafarce ni, wallahi ban sani ba." Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kawo keken in riƙe maka, je ka tsaya can ka dubo." Na je na tsaya kamar taku goma na juyo. Ban ga dattijon ba, ban ga keken ba, ban ga bangon lungun ba, sai wani farin abu da ke sukar ido. Abin da nake yi wa mutane ke nan kullum tsawon watanni.

Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

1. Fara da hanyarka, ba da kasuwa ba

Kafin ka taka Kasuwar Dole, zauna ka tuna hanyar da kake bi da dare ko da asuba. Kwalta ce mai fitilun titi da hasken shaguna, ko lungunan unguwa ne masu yashi da duwatsu, ko kuwa kana fita bayan gari ne ta hanyar Mirriah ko ta Tanout inda duhu ke rufe ko'ina?

In mafi yawan tafiyarka kan kwalta mai haske ce, aikin fitilarka shi ne a gan ka, lumen 100 zuwa 200 ya wadatar. In kana haɗa kwalta da lungu, kamar mai tashi daga Zango ya nufi unguwannin gefen gari, nemi 300 zuwa 500. Mai fita bayan gari cikin duhu sosai, kuma yana gudu, shi ne zai buƙaci 600 zuwa 800. Abin da ya haura haka na masu tsere a daji ne, ba na mai zuwa aiki ba.

Dalilin lissafin: mai tafiyar kilomita 18 a awa yana cin mita 5 kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ka hango rami ko akuya kwance zuwa lokacin da ka matse birki keken ya tsaya, ka ci wajen mita 10, a kan yashi ma fiye. To in fitila ta nuna maka ƙasa sarai har mita 15 zuwa 20, ta gama aikinta.

Hattara: zaɓi gwargwadon daren da aka ɗauke wuta, ba daren da titi ke da haske ba. Kuma ka tuna a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira, kafin a idar da sallar magariba ya rufa.

2. Duba siffar hasken

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, don haka zan ɗan tsaya.

Fitilun gaba iri biyu ne. Akwai mai zagayayyen haske irin na cocila, wadda ke watsa shi sama da ƙasa daidai wa daida. In ka miƙe ta sak, rabin hasken yana tafiya sama, cikin idon mai zuwa da ganyen bishiya, kai kuma ba ka ƙaru da shi da komai ba. Akwai kuma mai yankakken haske, irin ƙaramar wutar mota. Ita an ƙera madubin cikinta ne ya danne hasken ƙasa, ya shimfiɗa shi a kan hanya kamar tabarma, sama kuma ya yanke shi da layi.

Gane su ba wuya. Leƙa cikin gilashin tana kashe. In ƙwayar LED ɗin tana kallonka kai tsaye daga tsakiyar wani ɗan mazurari, galibi zagayayyiya ce. In ƙwayar ta ɓuya a sama tana kallon ƙasa ko baya, madubi ne ke turo hasken waje, to mai yankewa ce. Amma shaida mafi ƙarfi bango ne: kunna ta ka haska bango daga nisan taku uku ko huɗu. Mai yankewa za ta zana layi a kwance, ƙasansa haske, samansa dishi-dishi.

A Jamus doka ce ta wajabta irin wannan fitila, dokar da ake kira StVZO. Ƙa'idarsu ta ce a nisan mita 10 wuri mafi haske kada ya gaza luks 10, sannan wajen santimita 60 sama da wannan wuri kada hasken ya wuce luks 2. Fitilar da ta cika sharaɗin za ka ga an buga mata wani ɗan lanƙwasasshen layi da harafin K da lamba a jikinta. Shi ya sa irin waɗannan fitilu ake rubuta ƙarfinsu da luks. Lumen jimillar hasken da fitila ke fitarwa ne ko ina ya nufa, luks kuwa hasken da ya sauka a wurin da ake aunawa. Mai luks 30 zuwa 50 ta ishi mai zirga-zirga cikin gari, mai 70 zuwa sama ta ishi mai fita bayan gari. A ganina mai yankewa ta lumen 300 ta fi zagayayyiya ta lumen 800 amfani, domin duk abin da ta fitar a gabanka yake sauka. In ka ci karo da ita, ko cikin kayan gwanjo ne, kada ka bari ta wuce ka.

Gaskiya ita ce zagayayyun sun fi yawa a teburan masu saye da sayarwa. In ita ka samu ba laifi, sai dai ka zaɓi mai faɗin haske, ba mai tattara shi wuri guda kamar tsinin mashi ba, kuma lallai ta zama tana da mataki na rage ƙarfi. Sauran gyaran yana mataki na 7.

Hattara: kada ka mai da cocilar goshi fitilarka ta gaba. Duk inda ka juya kai nan take haskawa, kuma ɗabi'ar mutum ce ya kalli wanda ke tahowa. Ka kalli ɗan kabu-kabu, ka kashe masa ido ke nan. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa. In ya yi daƙiƙa uku ba ya gani, ya ci sama da mita 30 a makance, kuma kai ne a gabansa.

3. Kada kwali ya ruɗe ka

Za ka ga ƴar fitila da ba ta kai babban yatsa biyu ba an rubuta mata lumen 5000 ko 10000. Ƙwan gaban mota na halojin, irin H4, a ƙaramar wuta wajen lumen 1000 yake bayarwa. Yi wa kanka hisabi.

Ga lissafin da ke tona asiri. Fitilar LED mai kyau tana ba da kusan lumen 100 a kowane wat. Batirin da aka fi sa wa irin waɗannan fitilu shi ne 18650, mai bolt 3.7. In ƙarfinsa 2600 mAh ne (mAh ma'aunin cajin da batir ke riƙewa ne), abin da ke cikinsa bai kai wat 10 na awa guda ba. Fitila mai lumen 400 tana shan wajen wat 4, ke nan awa biyu da ɗan ɗoriya za ta yi. Duk kwalin da ya ce lumen 2000 na awa shida da batir guda, ƙarya yake yi. Haka batirin 18650 na gaskiya ba ya wuce wajen 3500 mAh, wanda aka rubuta wa 9900 ajiye shi.

Sai lambar IP. Lambobi biyu ke bin ta: ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IPX4 na nufin tana jure feshin ruwa, amma X ɗin na nufin ba a gwada ta da ƙura ba. Mu da ke fama da hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan ruwan Agusta, IP54 ko IP65 ta fi dacewa da mu. Taɓa murfin robar da ke rufe ramin caji ka ji ko yana zama daram, domin ta nan ƙura da ruwa ke fara shiga.

Launi ma abin dubawa ne. Fari mai shuɗi-shuɗi ya fi sukar ido, wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa ya fi sauƙi ga mai tahowa, kuma ni a idona ya fi fito da bambancin yashi da dutse.

4. Mai caji, mai batirin yarwa, ko dainamo

Mai batirin yarwa ta fi araha ranar saye, ta fi tsada a shekara. A ce batir uku kake saye a sefa 300 kowane mako: a mako 52 ka kashe sefa 15,600, sama da jikka 15. Sa farashin da kake saye a unguwarku ka buga naka lissafin. Ga shi kuma haskenta na raguwa a hankali ba ka ankara ba.

Mai caji ta USB ita nake ba mafi yawan mutane shawara. Cajar wayarka ta bolt 5 za ta yi mata, haka ƙaramin faifan sola ko wurin mai cajin waya. Batirinta na ɗaukar caji ɗaruruwa kafin ya gaji. In da hali zaɓi wadda ake iya buɗewa a canza batirin, don in ya mutu ba sai ka yar da fitilar duka ba. Auna tafiyarka ta zuwa da dawowa ka ninka biyu: in minti 40 kake yi a duhu, nemi wadda za ta yi aƙalla awa ɗaya da rabi a matakin da za ka riƙa amfani da shi.

Dainamo irin na kekunan iyayenmu, mai gogar taya, bolt 6 ne wat 3. Ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma in aka haɗa shi da kan fitila na LED mai aiki da dainamo, haskensa ya ninka na tsohon ƙwai nesa ba kusa ba. Aibinsa: yana ƙara nauyin feda, yana sulɓi in taya ta jiƙe, kuma in ka tsaya a mahaɗar hanya ya mutu, sai in fitilar tana da ɗan ajiyar wuta. Mai yawan turawa cikin yashi ba zai ji daɗinsa ba.

Hattara: zafi ne ajalin batirin litiyom. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, kada ka bar fitila a jikin keke cikin rana, kada kuma ka sa ta caji tana da zafi ko a kan katifa. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take.

5. Fitilar baya

Fari a gaba, ja a baya, ba a musanyawa. Na sha ganin yara sun ɗaura mai walƙiya shuɗi da kore don ado, mai mota ba zai gane ko tahowa suke ko tafiya ba.

Lumen 10 zuwa 30 ya isa da dare. Abin da ya fi ƙarfi muhimmanci shi ne a gan ta daga gefe, don masu fitowa daga lungu. Da dare bar ta a tsaye ko a hankali take numfashi, saboda mai ƙyaftawa da sauri tana hana na bayanka auna nisan da ke tsakaninku. Ƙara da jar roba mai mayar da haske, wadda ba ta buƙatar batir, ita ce za ta tsaya maka ranar da caji ya ƙare.

Hattara: in ka ɗaura ta a ƙarfen sirdi, babbar riga ko buhun da ke kan kariya zai rufe ta. Mai ɗaukar kaya ya ɗaura tasa a ƙarshen kariya. Hau keken da irin kayan da ka saba sawa, wani ya duba maka daga baya.

6. A gaban mai kaya

Je da yamma, ka roƙi a kunna maka kafin ka biya. Haska bango ka ga siffar hasken. Bar ta a babban mataki minti biyar: jikin ƙarfe zai yi ɗumi, alama ce yana fitar da zafi, amma in haske ya faɗi warwas cikin minti biyu ba ta da ƙarko. Danna makunnin ka ƙirga matakai. Wadda sai ka ratsa ta walƙiya kafin ka kai ƙaramin mataki za ta wahalar da kai a hanya.

Sannan mariƙin, abin da kowa ke mantawa. Ɗaura ta a kan kekenka ka girgiza. Mariƙi mai ƙusa da ake ɗaurewa ya fi na roba zalla, domin a hanyoyinmu masu gargada na roba kan saki, fitilar ta ɗaga kai a hankali har ta koma idon mutane.

Wajen kuɗi, ware naka kafin ka fita. A ce jikka 10 ka tanada: wajen bakwai ga ta gaba, biyu ga ta baya, ɗaya ga roba mai ƙyalli da ladan mai gyara. Kada ta gaba ta cinye kuɗin duka ka dawo ba ta baya. Taya a shago biyu ko uku kafin ka yanke, ka kuma yi magana da mai kaya tun da wuri: "Maigida, in ba ta riƙe caji ba zan dawo da ita gobe." Wanda ya amince da kayansa ba zai ƙi ba.

7. Ɗaurawa da saiti

Ko wacce ka saya, nan ne aikin yake. Tanadi abin awo ko igiya, gawayi ko alli, sukudireba, guntun tsohon tub, da mutum ɗaya da zai taimaka maka. A yi shi bayan duhu ya yi.

Naɗa guntun tub a ƙarfen kan keke kusa da tsakiya, ka ɗora mariƙin a kai don kada ya zame. Kada wayar birki ko kwandon gaba su tare gilashin. Nemi bango mai fili shimfiɗaɗɗe a gabansa. Auna tsayin fitilar daga ƙasa, a ce santimita 100, ka ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi, ka ja wani a rabinsa, wato 50. Ja keken baya mita 5, ka hau ka zauna yadda ka saba, domin nauyinka da na kaya suna canza inda fitila ke kallo.

In zagayayyiya ce, sunkuyar da ita har tsakiyar hasken ya sauka a layin 50. Hakan na nufin tsakiyar zai taɓa ƙasa a mita 10 gabanka. Duba kuma saman wuri mai haske sosai bai haura layin 100 ba. In ya haura, ƙara sunkuyarwa ko ka rage mataki. In mai yankewa ce, layin yankewar ya zauna ƙasa da layin 100 da kamar faɗin tafin hannu. Da yake a dama muke tuƙi, in mariƙin na juyawa karkata ta dama ƙiris, ta haska bakin hanya inda masu tafiya a ƙafa da amalanke suke, ta kauce wa masu tahowa ta hagunka. Sai ka ɗaure ƙusar tamau.

Yanzu gwajin dattijon nan. Ba wa abokinka keken ya hau, kai ka je mita 10 ka dubo, sannan mita 20. Rusuna daidai tsayin yaro ko mai zaune cikin adaidaita ka sake dubawa. In kana iya ganin kafaɗun wanda ke kan keken, saiti ya yi. In sai ka runtse ido, koma ka sunkuyar.

Wasu na yanka baƙar roba su yi wa zagayayyiyar fitila ƴar rumfa a sama kamar bakin hula. Tana rage hasken da ke tsallakewa sama, amma ba ta mai da ita mai yankewa, saitin dai shi ne gaba.

Hattara: kada rumfar ko salatif su rufe tsagin da ke jikin fitilar, ta nan take shan iska. Kuma kada a ɗaura mai yankewa a kife a ƙarƙashin ƙarfen kai. In ka kifa ta, layin ya juye, hasken duka ya koma sama.

8. A kan hanya

Cikin gari ka zauna a ƙaramin mataki ko na tsakiya, babban na bayan gari ne, shi ma da ka hango mai tahowa ka rage. In ba ka samu damar dannawa ba, kare saman gilashin da yatsu har ku gifta. A lungu mai ƙunci, ko inda mata ke zaune da kayan sayarwa a bakin hanya, ko sahun masallata ya fito waje, yi haka ko ba wanda ya yi magana. Mutanenmu da kawaici, da yawa za su kau da kai ne kawai su yi shiru, musamman tsofaffi, waɗanda idonsu ya fi daɗewa kafin ya washe bayan haske ya buge shi. Walƙiyar gaba kuma bar ta sai da rana.

Ranar hazo ko in babbar mota ta tayar da ƙura, kada ka ƙara wuta. Ƙurar ce za ta dawo maka da hasken, ka ga fari fat a gabanka. Rage mataki, rage gudu. Mai bin hanyar ƙura kullum zai fi jin daɗi in mai gyara ya sauko masa da fitilar zuwa saman tayar gaba, inda ake ɗaura ta dainamo, domin daga ƙasa ramuka na fitowa da inuwarsu. In an sauko da ita sai an sake awon bango da sabon tsayin.

Gilashin da ƙura ta lulluɓe yana watsa haske ko'ina, har mai yankewa sai ta koma sukar ido. Hure ƙurar tukuna, sannan ka goge da ɗanyen tsumma mai laushi, in ka goge a bushe yashi zai kankare gilashin. In za ka shiga masallaci ko kasuwa zare fitilar ka sa aljihu, ka bar mariƙin a wurinsa don saiti kada ya ɓaci. Layukan gawayin nan kuma kada ka goge su daga bango. Nawa suna nan a katangar zaurenmu, duk ranar Juma'a da dare nakan tsayar da keken a mita 5 in duba, kuma in hanya ta yi gargada sosai a makon nakan tarar fitilar ta ɗaga da yatsa biyu ko uku, in sunkuyar da ita in ƙara ɗaure ƙusar.